Zoɓon da Baba Tagwai Ya Raba Biyu

Kwana uku da ɗaura aurenmu na kama mijina riƙe da almakashi yana yanke gefen sabuwar atamfata. Atamfar da ya saya mini da kansa fa, ko ɗaurawa ban yi ba. Na ce, "Sylvanus, lafiyarka kuwa?" Ko a jikinsa. Ya ninke ƙyallen, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, ya rubuta kwanan wata a 'yar takarda ya maƙala da fil, ya jefa a durowa. Sai ya ce, "Wannan shi ne shaida. Nan da shekara guda za ki ce zanen bai koɗe ba, ni in ce ya koɗe. To, da me za mu gwada?" Na yi kuka ranar, na ce a raina na auri mai taɓin hankali.

Ni ce Eunice, a Sabon Tasha an fi sanina da Maman Christy. Shi kuwa Sylvanus Tagwai, yaro da babba Baba Tagwai suke ce masa. Shekara ashirin da uku ya yi a wata masaƙa a Kakuri, a ɗakin gwaji. Aikinsa kenan kullum: a kawo masa yadin da aka rina, ya raba biyu, ya wanke rabi da sabulu ya shanya a rana ya goge, ɗaya rabin ya kulle a durowa inda ko haske ba ya shiga. Daga baya ya jera su gefe da gefe ya duba. In launin ya zuba, ko manaja ne ya tsaya a kansa yana huci, ba zai sa hannu ba. Shi ya sa bai taɓa samun ƙarin girma na kirki ba, kuma shi ya sa masu rini suke tsoronsa fiye da manajan.

Da a masaƙa ya bar halin nan da sauƙi, amma har gida ya kawo mini. In muka shuka masara a bayan gida, rabi zai sa wa taki, rabi ya bari haka nan. In na sayo sabon maganin sauro, ɗaki ɗaya kawai za a fesa. Na taɓa ce masa da ya sami hali da ni ma ya raba biyu ya kulle rabi a durowa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai ya yi tunanin haka.

A 1999 da sojoji za su koma bariki, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci ya je ya bi layin zaɓe. Ya dawo yana cewa yanzu masaƙu za su farfaɗo. Ina! Ba a yi shekara huɗu ba jiniyar masaƙa da ke tashinmu da safe ta yi shiru. Aka rufe ƙofar masaƙarsu, aka sallami kowa. Wanda bai zauna a kudancin kogin garin nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Maza majiya ƙarfi, waɗanda suka saba tsayuwa awa takwas a gaban inji, suka koma zaman ɗaki. Matansu suna zuwa Zumuntar Mata a coci suna raɗa wa juna magana ɗaya: maigida ba ya barci, ba ya cin abinci, gabansa na faɗuwa ba dalili. A asibiti a auna su a ce lafiyarsu ƙalau, tunani ne kawai.

Wanda abin ya fi ci shi ne Wilson, makanikin injin saƙa, abokin mijina tun suna samari. Mutumin da in ya yi dariya a unguwar Television sai ka rantse an ji a can unguwar Kamazou, ya koma kamar tsumma, wandonsa har da igiya yake ɗaurewa. Wata rana da yamma ya zo gidanmu ya zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin mangwaro. Tausayi ya kama ni. Na tuna wani ganye da mahaifiyata ke tsinka a gefen dutse a ƙauyenmu, takan dafa shi cikin zoɓo da citta da kanumfari ta ba wanda aka yi wa rasuwa don ya samu ya runtsa. Ina da busasshe a ƙulle, na dafa masa. Ya sha da ɗuminsa, suka zauna da maigidana suna zagin tsohon manajansu har rana ta faɗi. Washegari ya dawo yana cewa, "Maman Christy, na yi barci! Na rantse na yi barci!"

Kafin wata biyu kowa a unguwa ya san Zoɓon Mama. Tsoffin ma'aikatan masaƙa suna zuwa da yamma, tukunya na kan wuta, su zauna a benci suna jira. Ina sayar da gora ɗaya ninki uku na zoɓon kasuwa, ba wanda ya taɓa yi mini ciniki. Bari in faɗa ba kunya: zoɓon nan ne ke ciyar da gidanmu. Da shi muke cin tuwo, da shi 'yarmu Christy ke zaune a kwalejin horon malamai. Maigidan ba shi da komai sai gyaran rediyo jefi-jefi. Sai na yanke shawarar in buga takarda in liƙa a jikin gorunan, a rubuta: maganin rashin barci da faɗuwar gaba. Har na yi magana da mai buga katin aure a bakin kasuwa.

Da na gaya masa, ya fara sosa haɓa. Na san wannan susar.

Ya ce, "Maman Christy, kafin a rubuta magani, ina shaidar?"

Na ce, "Wace irin shaida kuma? Wilson ba shaida ba ne? Ka ga kumatunsa kuwa?"

Ya ce, "Wilson rabin da aka wanke ne. Ina rabin da ke durowa?"

Kai! Ranar maƙwabta sun ji muryata. Na ce masa ganyen uwata ba yadin masaƙa ba ne. Na ce shi da ba ya kawo ko gishiri, shi ne zai sa wa tukunyar da ke ciyar da shi ido. Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, har yau in na tuna ina jin kunyarta. Amma bai janye ba. Ya ce in ganyen na aiki, gwaji zai ƙara masa daraja, shi da kansa zai kai takardar wurin bugawa. In kuwa ba ya aiki, to muna karɓar kuɗin mutanen da ba su da shi a kan abin da babu.

Christy na gida hutu a lokacin, ita ta ƙara wa wutar fetur. Ta ce ai an koya musu irin wannan a darasin halayyar ɗan Adam. Masana sukan raba mutane gida biyu, a ba wasu magani na gaske, a ba sauran wani abu mai kama da shi sak amma babu komai a ciki, domin sau da yawa sa rai kaɗai kan sa mutum ya ji sauƙi. Ta ce har mai miƙa maganin bai kamata ya san wanne ne wanne ba, don kada fuskarsa ta tona. Uban ya buga cinya ya ce, "Kin ji ko? Ashe su ma suna da durowa!" Na harare ta, na ce da kuɗin zoɓon aka koya mata yadda za ta kashe zoɓon.

Na yarda ne kawai don na tabbata zan ba shi kunya. Ga yadda ya tsara. Zan dafa tukunya biyu, komai iri ɗaya, sai dai ɗaya da ganye, ɗaya babu. Ganyen dama ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, citta ta danne shi, ni kaina in na rufe ido ba na bambancewa. Maƙwabciyarmu Comfort, tela ce, macen da ko mijinta bai san abin da ke cikin asusunta ba, ita za ta ɗura a goruna a bayan shagonta. Ta rubuta sunayen mutum talatin da biyu, ta zuba a hular mijinta ta girgiza, ta raba su gida biyu, ta ɓoye takardar a cikin akwatin kekenta. Aka tara mazan aka gaya musu gaskiya: wasu za su sha mai ganye, wasu marar ganye, ba wanda zai san nasa, kuma kyauta ne har mako uku. Kowa aka ba shi gwangwanin madara da ƙullin wake. Duk safiyar da ka tashi ka san ka yi barcin kirki, ka jefa ƙwayar wake ɗaya a gwangwani.

Gwajin farko ko mako guda bai kai ba ya wargaje, kuma ni na ji daɗi. Maigidana ya san yadi, amma ya manta da mutanen Sabon Tasha. Yadi in ka ajiye shi a durowa nan zai zauna. Mu kuwa a nan, wa zai sha abu shi kaɗai abokinsa na kallo? Maza suka riƙa miƙa wa juna gora, "Ɗanɗana nawa ka ji, kamar ya fi naka kauri." Wasu huɗu da ke haya a gida ɗaya suka juye nasu duka a jug guda don ya yi sanyi tare a randa. Matan kuma suka ɗora nasu. Wata ta ji a Zumunta cewa mijin ƙawarta ya fi nata barci, sai suka yi musanya rabi da rabi, wai don kada a cuci kowa. Da Baba Tagwai ya gano, ya riƙe kai da hannu biyu ya ce, "Sun haɗa mini wankakke da na durowa a baho ɗaya!" Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe ban gama sanin wanda na aura ba. Ya zubar da waken, ya sake sabon lale da sabuwar doka: kowa zai zo da ƙarfe biyar na yamma ya sha nasa a nan ƙarƙashin mangwaro, a gaban Comfort, kofi ɗaya mutum ɗaya, ba miƙa wa na kusa. Mutum ashirin da huɗu suka yarda. Sauran takwas suna nesa, wasu a can cikin Kamazou, wasu a bayan Television, ba su da kuɗin motar zuwa kullum. Da yake kowannensu shi kaɗai ne a layinsu, ba wanda zai yi musanya da shi, sai aka riƙa aika musu ta hannun wani direban bas ɗan cocinmu, huɗu mai ganye, huɗu marar ganye.

Mako uku ina dafa tukunya biyu kyauta, ina ƙunƙuni. Mazan kuwa in sun sha ba sa tafiya. Su zauna su yi ta musu a kan waye ya samu na gaske. Wilson ne kan gaba, yana bugun ƙirji yana cewa shi jikinsa ya san ganyen Mama, tun daga maƙogwaro yake jin saukarsa. Daga nan hira ta koma kan inji mai lamba goma sha biyu da ke cin yatsun mutane, da wanda ya taɓa yin barci a cikin buhunan auduga, da wanda matarsa ta koma ƙauye da yara. Na ga ƙato ya yi kuka a bencin nan, sauran suka yi kamar ba su gani ba, ɗaya ya dafa masa kafaɗa kawai.

Ranar Asabar da rana muka ƙirga, mu uku a falo, ni da shi da Comfort. Ta fito da takardarta, muka jera gwangwanaye gida biyu, muka zazzage a faranti. Masu ganye goma sha biyu na nan unguwa, kowanne wake sha biyar, sha shida, sha bakwai cikin ashirin da ɗaya. Na fara murmushi. Sai aka zazzage na marasa ganye. Sha shida, sha biyar, sha bakwai. Da aka zo kan na Wilson, wake ashirin cif, shi ne ya fi kowa. Na ce wa Comfort ta sake duba takardar. Ta duba, ta kalle ni da tausayi ta ce, "Maman Christy, ko sau ɗaya bai sha ganyen ba."

Na zura wa waken ido. Comfort ta tattara takardarta ta fita, ta san abin da ke tafe. Na rufe ƙofa, na durƙusa a gaban mijina, abin da ban taɓa yi ba tun ranar biki. Na ce, "Baban Christy, don girman Allah ka bar maganar nan a ɗakin nan. Comfort ba za ta faɗa ba. Mutane suna barci, wa aka cuta? Na fasa buga takardar, na yarda. Amma in ka faɗa musu, me za mu ci? Yarinyar nan saura mata shekara guda."

Ya kama hannuna ya tashe ni. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na san abin da zan jawo mana, kuma ni ne ba na kawo komai, kin faɗa, gaskiya ne. Amma na tara su na ce zan gaya musu abin da wake ya nuna. Mutanen nan an yi musu ƙarya a ofis, an yi musu a rediyo. Ba za a yi musu a ƙarƙashin mangwarona ba."

Da yamma ya tsaya a gabansu ya faɗa, bai rage komai ba. Wilson ya miƙe ya ce ƙarya ne, an yi kuskure a takarda. Da Comfort ta nuna masa sunansa, ya ajiye kofi ya ce, "Wato ni ne wawan unguwa kenan," ya fice. Cikin mako guda ciniki ya mutu. Wa zai biya ninki uku a kan zoɓon da ko'ina akwai? Na daina yi wa mijina magana. Abinci in ajiye masa a tebur in juya. Muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana, na sayar da zannuwana biyu masu kyau don Christy ta koma makaranta. Allah ya sani na tsane shi a kwanakin nan.

Shi kuwa bai kwashe waken daga falo ba. Akwai gwangwanaye takwas na mutanen nesa da ranar ba mu ko kula da su ba saboda tashin hankali. Wata safiya ina shara ya ce, "Ko ba za ki yi mini magana ba, zo ki duba." Na leƙa ta gefen ido. Wake shida, bakwai, biyar, takwas. Masu ganye da marasa ganye duk ɗaya, ba wanda ya kai ko rabin na mutanen benci. Ya ce, "Zoɓo ɗaya suka sha da na nan. Me waɗannan suka samu da waɗancan ba su samu ba?" Bakina ya riga fushina, na ce, "Zaman." Ya ce shi ma abin da yake zato kenan, amma mutum takwas sun yi kaɗan a rantse a kansu, sai an sake gwadawa. Na ce in ya sake ambaton gwaji a gidan nan zan kwaɗa masa tsintsiya.

Bai sake ambata ba, sai dai ya yi. Ya samo katako ya haɗa benci na biyu da hannunsa. Ya taka da ƙafa har Kamazou ya bi mutanen nan takwas gida gida, ya roƙi direban bas ya riƙa ɗauko su sau biyu a mako in akwai wuri. Ya je gidan Wilson sau uku ana ce masa ba ya nan, a na huɗu ya zauna a ƙofar ya ce ba zai tashi ba. Abin da ya gaya masa, Wilson ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce, "Wake ashirin ɗin nan ba na bogi ba ne, barcin ka yi shi. Ganye ne kawai bai yi maka ba. Mu muka yi maka, kai ma ka yi mana. To ka dawo, bencin ba daɗi ba kai."

Suka dawo, ɗaya bayan ɗaya. Na ci gaba da dafa zoɓo ina sayarwa a farashin zoɓo, na ƙara da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa. Kada wani ya ce muku mun yi arziki, ba mu yi ba, ribar ko kusa ba ta kai ta da ba. Christy ta gama da ƙyar. Har yau in na wuce shagon da aka jera magungunan gargajiya masu takarda mai ƙyalli, sai in kau da kai. Amma shekara goma sha ɗaya bencin nan bai taɓa zama ba kowa da ƙarfe biyar ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa a kasuwa ya ce na cuce shi.

Baba Tagwai ya rasu a daminar 2014, ciwon kwana huɗu. Bayan an gama zaman makoki, 'yan'uwa suka watse, na ce wa mazan su ba ni lokaci, ba na son ganin kowa a ƙarƙashin mangwaron. Barci ya ƙaurace mini. Ina gyara kayansa na buɗe durowar nan, na tarar da ƙyallen atamfar aurena da takardarsa a maƙale, launinsa garau kamar jiya aka rina. A ƙarƙashinsa kuma ga ƙullin ganyen mahaifiyata, bai taɓa zubarwa ba. Na ce a raina, yanzu dai ba ya nan balle ya sosa haɓa. Na dafa mai kauri, na rufe ƙofa, na sha ni kaɗai har mako biyu. Don tsiya irin ta wadda ta zauna da shi shekara talatin da biyar, har gwangwani na ajiye. Wake uku na jefa.

Rana ta goma sha biyar da ƙarfe biyar na ji ana jan benci a waje. Na leƙa ta taga, ga Wilson da sandarsa, ga wasu tara a bayansa, duk sun yi furfura. Na ce, "Ba na ce ku ba ni lokaci ba? Ban dafa komai ba." Wilson ya ce, "Ba mu zo shan komai ba, Maman Christy. Fito ki zauna." Na fito ina masifa, na zauna a inda mijina ke zama. Suka yi ta ba ni labarin yadda ya taɓa mayar da yadi dubu saboda launin ya zuba kaɗan, ina kuka ina dariya har aka kunna fitilun layi.

Da safe na tashi rana ta riga ta shigo ɗaki. Na ɗauki ƙwayar wake na jefa a gwangwani, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "To, Sylvanus, ka ci. Sai ka rubuta."